Salmanu da Sandar Saitin Baka

Duk wanda ya taɓa zama cin tuwo a ɗakin abincin Hajiya Mariya da ke unguwar Al Sabkha a Dubai ya san Salmanu. In ma bai riƙe fuskarsa ba, to ya riƙe ɓaunarsa. Ɓauna ce da ya ce ya kayar a dajin Falgore da kibiya ɗaya tun yana saurayi, kuma baiwar Allah ba ta daina girma ba ko bayan mutuwarta. Ranar da miya ta yi daɗi takan kai girman motar yashi. Ya ce kakansa Sarkin Baka ne, mahaifinsa kuma da kwari a kafaɗa ya yi rarrafe. Abin da 'yan unguwarsu suka sani shi ne kakan nasa dillalin fatu ne, shi kuwa Salmanu ɗan Fagge ne gaba da baya, dajin da ya taɓa shiga bai wuce ciyawar bakin layin dogo ba. To amma Dubai nesa take da Fagge, kuma mai cin tuwo ba ya son musu da baki cike.

Aikinsa na gaskiya a wani kamfanin kago yake, masu aika kaya gida, yana naɗe kwalaye da salatif yana ɗora su a sikeli. A nan kam ba a ja da shi. In Salmanu ya naɗe maka kwali, mai karɓa a Kano sai ya yi gumi da wuƙa a hannu. Da sanyin shekarar 2018 ya shigo, mai kamfanin ya tattara ya koma Turkiyya, ya bar ma'aikatansa da biza mai gab da mutuwa. Wanda bai samu sabon ubangida da zai yi masa wata ba, jirgi zai mai da shi gida. Abin ya fi cin ran Salmanu fiye da kowa, domin ya riga ya yi wa matarsa Jummai alkawarin kafin azumi zai kawo ta Dubai, kuma ba a ɗaki ya bar maganar ba, shi da kansa ya ce ta faɗa wa 'yan layinsu. Tsoro ne fal cikinsa, sai dai labarin bai isa bakinsa ba.

Ana cikin haka, ran nan Alhaji Izzuddeen, wani attajiri Bakano mai safarar tayil da turare, ya shigo cin abinci riƙe da wata doguwar jaka. Ya zuge ta a kan tebur, sai ga baka irin na zamani, baƙi ƙirin, da wasu 'yan tayoyi a kansa da gindinsa. Ya ce manoma a gida suna ta kukan ɓarnar birai da gyado, lasisin bindiga kuwa ya gagari talaka, shi ne yake tunanin cika kwantena da irin wannan. Masana'antar da ke ƙera shi ta aiko masa da samfur, amma sun ce sai ya zaɓi irin sandar da za a haɗa wa kowane baka. Wata sanda ce da ake murzawa a wani ɗan rami a gaban bakan, ta rage masa rawa a hannu da ƙara in an saki kibiya. Masu kanti suna ce mata sitabilaiza, masu cin tuwo kuwa nan take suka raɗa mata sandar saiti. Alhaji ya ce shi tayil ya sani, yana neman wanda ya san harbi ya riƙe masa wannan ɓangare, ya yi masa biza ya yanka masa albashi.

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Salmanu ko hannu bai wanke ba ya dafa bakan, har ya bar masa shaidar miyar kuka.

"Alhaji, ai ka zo gidan," in ji shi. "Tun daga bakin ƙofa na hango ramin nan. Kakana ma yana da irinta, ta ƙahon gada."

Sanda, abokin ɗakinsa, direban wani otal wanda Allah ya hore wa kaifin harshe, ya ɗago kai daga kwanonsa ya tambaya ko a nan kasuwar Deira kakan ya sayo tasa ko a garin Sharja.

"A dawa ya samo ta, inda kai ko a mafarki sai an raka ka."

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba, don shi mutum ne mai auna magana kamar yadda yake auna turare. Ya ce gani ya kori ji: Salmanu ya tafi da bakan, ya zaɓo sandar da ta dace, ranar Juma'a kuma in jama'a sun fita shan iska cikin rairayi kamar yadda aka saba a lokacin sanyi, ya harba kowa ya gani. In abin ya yi, da safiyar Lahadi za a fara maganar biza.

Washegari Salmanu ya ƙetare ruwa zuwa wani kantin kayan wasanni da ke ɗaya gaɓar. Wata 'yar Filifin ce ke tsaron ɓangaren bakuna. Da ya ce mata sandar saiti ta farauta yake nema, sai ta ɗauko wata 'yar sanda da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, da ɗan roba a bakinta. Ta ce maharbi gajera yake so mara nauyi, don doguwa takan sarƙe a reshe, mai nauyi kuma ta gajiyar da hannu kafin a ga nama.

To a nan sai na yi muku bayanin wata doka da duk ɗan kasuwar Deira ke rantsuwa da ita. In aka miƙo maka kaya, caja ce ko agogo ko dutsen guga ko kwalbar turare, ba ka duba rubutu, ba ka sauraron mai kanti. Ɗorawa kake a tafin hannu ka ɗan jijjiga. Mai nauyi shi ne orijina, mara nauyi jabu ne, magana ta ƙare. Dokar ta yi ƙarfi har masu yin jabun suka gane, suka koma cusa guntun ƙarfe a cikin caja don ta burge hannu. Da wannan ilimi Salmanu ya shigo kantin, kuma ban da shi ba shi da wani.

Ya ɗora 'yar sandar a tafinsa, ya jijjiga, ya ji wayam. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya tabbata kallon baƙo ta yi masa, irin wanda aka sauke jiya a jirgi.

"Habibti," ya ce mata cikin haɗin gambizarsa, "ni ɗan Deira ne. Jabu a hannun hagu ma ina gane shi. Yalla, kawo orijina."

Ta rantse masa wannan ita ce ta gaske, da gangan aka yi ta haka. Bai saurare ta ba, don idonsa ya riga ya faɗa kan wani hoto a bango, na wasu 'yan gasa da suka jeru riƙe da bakuna, kowanne da sanda zuƙeƙiya a gaba da wasu biyu sun fito ta gefe. Ya nuna hoton, ya ce abin da take ɓoye wa manyan kwastomomi ke nan. Ta ce waɗannan na masu tsayawa wuri ɗaya ne suna harbin allo, ba na shiga daji ba. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin ɓaunar Falgore. Ta ce a'a. Ya ce to khalas, shi ke nan.

Ya zaɓi wadda ta fi kowacce tsawo, ya haɗa da na gefen guda biyu, sannan ya sa aka jera masa duk 'yan ƙarafunan ƙarin nauyi da ke cikin akwatin gilashi, har wanda aka ajiye don nuni. Ta ɗaura masa a jikin bakan don ya gani, ta ce bari ta kwance ta sa masa a jaka. Ya ce a ƙasarsu abin kunya ne maharbi ya kwance makaminsa, saiti zai zube. Da ta ce 'yan sanda ba za su bar shi ya ratsa gari da baka a fili ba, sai ya fita ya sayo bargo mai zanen damisa ya lulluɓe. Abin ya fito da ƙafafu ta ko'ina kamar an naɗe gawar zalɓe.

Masu tasi suna rage gudu, su leƙo, su ƙara wuta. Dole ya gangara bakin ruwa ya hau kwale-kwalen fito, inda fasinjoji ke zama baya da baya a kan benci ɗaya. Ya saɓa kayansa a kafaɗa ya zauna a tsakiya. Matuƙin ya zo karɓar kuɗin fito, Salmanu ya juya dama don ya laluba aljihu, dogon bakin sandar ya share hular wani Bature mai ɗaukar hoto, ta faɗa ruwa. Ya juya hagu da sauri don ya ba da haƙuri, ta gefen ta doki kofin shayin wani ɗan Pakistan, shayin ya sauka a cinyar wani na uku da bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka yi masa ca da harsuna iri-iri. Shi kuwa, da yake ba ya jin ko ɗaya, sai ya riƙa ɗaga musu hannu yana murmushi, yana cewa shuwayya-shuwayya, wai a bi a hankali. Kafin a isa Al Sabkha an bar masa rabin benci shi kaɗai, daga baya ya ba da labari cewa kwarjini ne.

Fulat ɗinsu a unguwar Hor Al Anz yake, irin wanda ake cusa gadaje masu hawa biyu a ɗaki ɗaya har ƙofa ba ta buɗuwa sosai. Nan ma sai da aka sha fama a lif, daga ƙarshe mai gadin gidan ya kora shi matakala. Yana shiga ya yaye bargo, ya tsaya a tsakar ɗaki, ya ɗaga bakan don 'yan ɗaki su ga tsayuwar maharba. Bakin sandar ya tafi kai tsaye ya gaisa da fanka. Fankar ta yi wata ƙara, reshenta ɗaya ya lanƙwashe, tun daga ranar take juyawa tana ɗingishi. Ya sauke da sauri, sandar gefe ta kifar da tukunyar miyar da Sanda ya ajiye a kan firji.

Sanda ya dubi miyarsa tana bin bango, ya dubi Salmanu.

"Sannu, Sarkin Baka. Ko kibiya ba ka sa ba ka kashe biyu."

"Baƙin ciki ne ke damunka. Kai dai ka saba da sitiyari."

"Sitiyarina bai taɓa cin miyar kowa ba."

Da aka share ɗaki, Salmanu ya sake ɗaga bakan, wannan karon yana durƙushe don gudun fanka. Sai ya ga bakin sandar yana kaɗawa, yana zana da'ira a iska. Mai hankali zai gane hannunsa ne ya gaji. Shi kuwa ya yi lissafinsa na ɗan kasuwa: an ce nauyi ke hana rawa, ga shi tana rawa, ke nan nauyin bai isa ba. Ya ciji yatsa, ya ce ashe duk da wayonsa yarinyar nan sai da ta rage masa wani abu.

Da safe ya nufi Al Ras, layin masu kayan yaji, ya lallashi wani tsohon mai shago ya sayar masa da duwatsun sikeli na tagulla waɗanda aka daina amfani da su. Ya dawo ya zauna ya yi aikin da ya iya. Ya jera su a bakin sanda, ya bi su da salatif ɗin kago mai ruwan ɗorawa, naɗi a kan naɗi, har kan ya zama kamar tulu. Ya ɗaga, rawar ta ƙaru. Ya koma ya ƙaro wani dutsen. Ya ɗaga, yanzu har kafaɗarsa ta shiga rawar. Ya ƙara a na gefen don a yi adalci. Sannan ya ɗaura jan ƙyalle da wata tsohuwar laya da ya ce ta kakansa ce, alhali Sanda ya gan shi yana yanka ta daga tsohon walat.

Duk kwanakin nan bai saki kibiya ko ɗaya ba, don babu wurin harbi a ɗakin da ko miƙa ba a yi sai an nemi izini. Da Sanda ya ba shi shawara ya je filin koyon harbi ya gwada kafin Juma'a, sai ya ce ana koya wa kifi iyo ne? Hannunsa na hagu ya kumbura, ana shafa masa man zafi yana cije leɓe, yana cewa ciwon nan shi ne shaidar kaya orijina ne, jabu ba ya sa ciwo. Ya sa aka ɗauke shi hoto, da bakin sandar a jingine kan gado inda hoton bai nuna ba, ya aika wa Jummai ya ce ta je ta yi fasfo, aiki ya samu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan an sauko daga Juma'a jama'a suka cika bas ɗin haya, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa da iyalansu, aka nufi rairayin bayan gari. Alhaji Izzuddeen ya biyo su a jibgegiyar motarsa. Aka shimfiɗa dardumai, Hajiya Mariya ta jera kuloli, hayaƙin tsire ya tashi. Aka kafa wa Alhaji kujerar zamansa ta yadi a gefe, inda zai ga komai. Sanda ya zana barewa a jikin wani babban kwali, ko da yake ta fi kama da akuyar da ta sha wuya, aka kai shi gindin wani tudun yashi aka ajiye.

Salmanu ya fito daga bayan bas sanye da wata jallabiya mai ruwan ƙasa da ya yanke wa hannuwa don ta yi kama da rigar maharba. Mutum biyu ne suka taya shi sauko da bakan. Aka yaye bargo. Alhaji ya daɗe yana kallon abin, sannan ya tambaya a hankali ko manomi zai iya bin biri da wannan a cikin dawa. Salmanu ya ce ai da wannan ba a bin biri, birin ne ke zuwa da kansa ya miƙa wuya.

Ya ɗana kibiya, ya yi bismilla, ya ɗaga da nishi. Kafin ya gama jan tsirkiya tulun salatif ya rinjaye shi, bakan ya sunkuya, yatsunsa suka saki. Kibiyar ta nutse a yashi tsakanin ƙafafunsa, ta haɗa da bakin jallabiyar ta kafe. Ya yi ƙoƙarin ja da baya, rigar ta ƙi, ya zauna daɓas.

"Wannan ta gaisuwa ce," ya faɗa daga zaune. "A al'adarmu ta farko ta ƙasa ce, ana ba ta hakkinta."

"Allah ya sa ta biyu ba ta jama'a ba ce," in ji Sanda.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila an tashi da dariya kawai. Amma ya hango wayoyi sun ɗago ana ɗaukarsa, ya kuma tuna cewa maharbi ba ya harbi a gaban taro sai da kirari. Maharban gaske kirarinsu suke gamawa tukuna sannan su taɓa baka. Shi da yake a bakin mutane ya tsinci al'adar, sai ya ga zai fi kyau a hoto in ya ja tsirkiya ya riƙe, sannan ya yi. Ya tsuke rigar da ta yage, ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi, ya ɗaga, ya ja har kunne, ya buɗe murya.

"Sai ni Salmanu, jikan mai kwari! Na sha ruwan kogon kuka, na yi matashi da wutsiyar damisa. Kura ta gan ni ta ce ina kwana, zaki ya ji tarina ya sake unguwa!"

Hajiya Mariya, wadda ta san shi ciki da bai amma ba ta ƙin nishaɗi, ta rangaɗa guɗa. Wani ɗalibi ya kifa kula ya fara kiɗa. To duk Bahaushe ya san in an yi wa namiji guɗa a tsakiyar kirari, yankewa abin kunya ne, sai dai ya ƙara. Salmanu ya ƙara. Ya shiga ɓauna, ya fita ɓauna, ya kira kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba a haifa ba. Gumi ya wanke masa fuska. Hannun hagu ya fara sauka a hankali, bakin sandar yana zana da'irar nan tasa, sai dai yanzu ta yi faɗin faifai. Kowa yana gani ban da shi, don ya rufe ido saboda daɗin muryarsa.

Sanda ya ce masa ya saki haka nan kafin barewar ta tsufa. Maganar ta soki Salmanu. Ya manta abin da ke hannunsa, ya juyo gaba ɗaya don ya ba da amsa, da baka a ja da kibiya a ɗane, ya share taron da ita daga wannan gefe zuwa wancan.

Ban taɓa jin labarin taron da ya kwanta da sauri irin wannan ba. Alhazai masu farar shadda suka nutsa a yashi, mata suka danne 'ya'yansu, mai kiɗa ya kifa kular a kansa. Salmanu ya buɗe ido ya ga abin da ya yi, ya firgita, ya yi nufin kau da kibiyar daga kan mutane. Da yake hannun ya mutu, sai ya sa ƙugu da gwiwa ya wurga bakan sama, yadda ya saba cilla kwali kan mota. Salatif ɗin da ake yabo ya ce shi ma ya gaji. Tulun ya fashe, duwatsun tagulla suka watse, ɗaya ya sauka a gilashin gaban motar Alhaji ya yi masa zanen gizo-gizo. Kibiya kuwa ta tashi tsaye cak, ta yi sama har ido ya daina ganinta.

Abin da ya hau dole ya sauko, kuma babu wanda ya san a kan wa. Kowa ya yi ta kansa. Wasu suka yi ƙarƙashin bas, wasu suka ɗora faranti a ka suna gudu suna kallon sama suna karo da juna. Hajiya Mariya ta rungumi kular farfesu ta yi gabas da ita. Alhaji Izzuddeen, mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba ko a filin jirgi, ya tashi daga kujerarsa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, takalmi ɗaya a nan, hula a can.

Sai aka ji tsut. Da aka ɗago kai, ga kibiya tsaye a tsakiyar kujerar Alhaji, ta huda yadin ta shige yashi, gashin gindinta yana ɗan kaɗawa. Wurin ko hucewa bai yi ba daga zamansa.

Jama'a suka taso suna kakkaɓe jiki. Alhaji ya dawo yana ɗingisa ƙafa ɗaya ba takalmi, ya tsaya a kan kujerar ya daɗe yana kallo. Ko a nan bakin Salmanu bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, ka dai ga saiti. Tsakiya dai-dai. Da biri ne a zaune a nan..."

"Ni ne a zaune a nan, Salmanu."

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya ce ya gode wa Allah da ya nuna masa wannan a Dubai, kafin ya raba wa mutanen ƙauye kwantena guda su ƙarar da juna. Ya ce ya fasa cinikin baka har abada, tayil bai taɓa neman ransa ba. Maganar biza kuma ta bi cinikin. Ya sa aka karɓi bakansa, ya ce sandunan da duwatsun Salmanu ya riƙe, shi ya zaɓe su.

A hanyar dawowa Salmanu ya zauna a kujerar baya, hannuwansa biyu a kan cinya kamar na aro, ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Ya fara cewa iskar hamada ce ta karkatar da kibiyar, bai samu mai tayawa ba. Ana haka wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya yi ya yi hannu ya ƙi. Sanda ya ciro masa, ya ga Jummai ce, ya danna, ya buɗe lasifika don ba zai iya riƙe masa a kunne har gari ba.

Muryarta ta cika bas, cike da murna. Ta ce fasfo ya kusa fitowa, ta kuma sayar da kekenta na ɗinki yau da safe, tunda ba za ta hau jirgi da shi ba. Ta tambaya yaya sabon aikin.

Salmanu ya gyara murya. Ya ce ai ya sake tunani, Dubai ta yi masa kaɗan, maharba a gida suna bukatarsa, don haka shi ne zai taho.

Jummai ta ce:

"Maharba kuma? Maigida, kai da ko kazar Sallah sai ka kira Malam Ado maƙwabci ya yanka mana, ka shige ɗaki har a gama fige ta? Na ɗauka bakan nan na hoto naɗe shi aka ba ka ka yi."

Da an yi dariya da ya samu abin da zai mayar wa martani. Ba wanda ya yi. Kowa ya mai da fuska taga yana kallon fitilun hanya, har Sanda ya sunkuyar da kai. Salmanu ya buɗe baki, karo na farko tun zuwansa Dubai ya laluba bai sami komai a ciki ba. Kunya ta rufe shi, da tausayin matar da ta yarda da maganarsa.

"To yanzu," in ji Jummai, muryarta ta yi sanyi, "in je in roƙi matar da ta saya ta dawo mini da keken?"

"Je ki," ya ce. "Ki yi sauri kafin ta fara ɗinki da shi."